Murjanin da ya zama dutse: yadda ake gane shi da yadda ake ƙirga masa shekaru

Murjani ba ya rayuwa a ruwan daɗi. Daga nan ya kamata maganar ta fara, musamman gare mu da ke zaune tsakanin Binuwai da Tafkin Chadi, inda teku mafi kusa take da nisan ɗaruruwan kilomita. Idan aka fasa dutse a wani wuri aka tarar da murjani na gaskiya a ciki, kuma ba wani ne ya ɗauko shi daga nesa ya yar ba, to ruwan gishiri ya taɓa kwanciya a wurin. Wannan ba ƙaramar da'awa ba ce, shi ya sa ba a yi mata gaggawa.

Jan murjanin da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya da hannu daga Bahar Rum yake, fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Dangi ne na wanda muke magana a kai, amma ba shi ba ne. Namu shi ne mai gina dutse. 'Yar dabba ce mai laushi, baki a tsakiya, 'yan hannuwa kewaye da bakin, tana zuƙo sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku ta gina wa kanta ƙoƙo ta zauna a ciki. Tana girma tana ɗaga ƙoƙon sama, tana barin tsohon gini a ƙarƙashinta. Wata tilo take zama, wata kuma dubbai ne manne da juna. Naman yana ruɓewa cikin kwanaki, ginin ne yake saura, kuma shi ake tsinta bayan shekaru miliyoyi.

Yawancin duwatsu masu ramuka da ake nunawa a Garwa ko Marwa ko Njamena a ce murjani ne, ba shi ba ne. Marmara tana da ramuka, amma ja ce ko ruwan ƙasa, ramukanta kuma a karkace suke, babu biyu masu kama da juna. Baƙin dutsen aman wuta na tudun Ngaundare yana da ƙofofi da iska ta bari lokacin da yake sandarewa, cikinsu sumul, babu komai. A ƙasar karal da ake dasa muskuwari a kewayen Marwa ana tono 'yan dunƙulen farar ƙasa masu ƙuraje-ƙuraje, idan ka ɗiga musu ruwan lemun tsami har tafasa suke yi, amma a cikin ƙasar suka ƙullu, babu dabbar da ta gina su. Icen da ya zama dutse, irin na yankin Hamakusu, idan aka dubi kansa da gilashin ƙara girma ana ganin ƙananan ƙofofi a jere, sai dai jijiyoyin ice ne. A hamadar Djurab ta Chadi kuwa masu bincike sun tono gidajen gara da suka sandare tun kimanin shekara miliyan 7, masu ɗakuna-ɗakuna, waɗanda ko mai ido sai ya sake dubawa.

Abin da ke raba murjani da waɗannan duka shi ne tsari. Ramukansa kusan girmansu ɗaya, sun nufi gefe ɗaya, kuma kowane rami akwai gini a cikinsa. Gini iri biyu ake nema. Na farko siraran bangaye ne a tsaye, da suka taso daga gefen ƙoƙon suka nufi tsakiya. Na biyu daɓe ne a kwance, hawa bisa hawa, wanda dabbar take shimfiɗawa a ƙarƙashinta duk lokacin da ta matsa sama. Ana ganin bangayen idan an dubi ƙoƙon ta kai, ana ganin daɓen idan an tsaga shi a tsaye. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ya riƙe rabin ilimin. Gwajin ruwan tsami yana taimakawa, amma ba ya yanke hukunci: abin da bai tafasa ba ma yana iya zama murjani, domin wani lokaci sinadarin dutsen ƙanƙara yakan maye gurbin farar ƙasar baki ɗaya, siffar ta tsaya yadda take.

Manyan zuriyoyi uku ne suka cika duwatsun duniya. Ta farko ita ce Tabulata. Waɗannan kullum a gungu suke, ramukansu ƙanana, sau da yawa ba su wuce milimita biyu ko uku ba. Daɓensu a fili yake, bangayen tsaye kuwa ko babu sam ko 'yan tsinke ne kawai. A cikinsu akwai Favosites mai siffar saƙar zuma, da Halysites wanda ramukansa suka jeru kamar sarƙa. Ta biyu ita ce Rugosa, wadda aka fi sani da murjani mai ƙaho, domin na tilo a cikinsu tsini ne a ƙasa, faɗi a sama, ya ɗan lanƙwashe, bayansa da tamoji-tamoji. Bangayensa a fili suke, dogo da gajere, dogo da gajere, kuma a wurare huɗu ake ƙara sababbi yayin da yake girma. Saboda haka idan ka dubi ƙoƙon da kyau za ka ga dama da hagu sun yi daidai da juna, wani lokaci da ɗan gurbi a gefe ɗaya inda bango ɗaya ya gajarta. Ta uku ita ce Scleractinia, wadda har yau take gina tsaunukan murjani a Bahar Maliya da gaɓar Ostireliya. Nata lissafin shida-shida ne: bangaye 6 na farko, a ƙara 6 su zama 12, sannan 24, sannan 48, kowane zagaye ya fi na gabansa gajarta.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne zuriyoyin ba su yi zamani ɗaya ba. Tabulata da Rugosa sun bayyana a zamanin Ordobisiyan, wanda ya fara kimanin shekara miliyan 485 da suka wuce, suka yi ƙarfi a Siluriyan da Deboniyan, sannan suka ƙare ƙurmus a ƙarshen Permiyan, shekara miliyan 252 da suka wuce, a halaka mafi girma da ta taɓa samun halittun teku, wadda ake dangantawa da aman wuta na Saiberiya. Bayan nan duwatsu suka yi shiru, babu murjani mai gini na wasu shekaru miliyoyi. Sai a tsakiyar Tiriyas, wajen shekara miliyan 245 baya, Scleractinia ta bayyana. Ke nan ƙirga bangaye kaɗai ya isa ya gaya maka ko dutsen da ke hannunka ya girmi shekara miliyan 252 ko bai kai ba. Wani lokaci ma abin ya fi haka matsuwa. Mai sarƙa a Ordobisiyan da Siluriyan ake samunsa. Calceola, mai siffar kan takalmi har da murfi, na Deboniyan ne.

Akwai wani abin da yakan ruɗi sabon shiga, kuma ni a ganina shi ne ya fi ban sha'awa a wannan fanni. Tsohon murjani sau da yawa ya fi na baya-bayan nan kyan gani. Dalili kuwa, Rugosa da Tabulata da kalsit suka yi gini, wani nau'in farar ƙasa mai jure zama. Scleractinia kuma da aragonit take yi, wanda sinadarinsa ɗaya ne da kalsit amma tsarin ƙwayoyinsa daban, kuma ba ya jure ruwan da ke ratsa ƙasa. Ko ya narke ya bar rami mai siffarsa, ko ya rikiɗe ya koma kalsit mai manyan ƙwayoyi, ƙananan zane-zanen su shafe. Sai ka ga mai ƙaho na shekara miliyan 380 kowane bango tsaf, na shekara miliyan 60 kuwa duk ya zagwanye. Wanda ya auna shekaru da yawan lalacewa zai juya lissafin kai a ƙasa.

Daga zuriya zuwa ainihin jinsi kuwa, ido ba ya kai wa. Murjani yana sauya siffar waje gwargwadon ruwan da ya tsinci kansa: jinsi ɗaya ya yi rassa a ruwa mai natsuwa, ya dunƙule inda igiya take duka. Jinsuna biyu da ba su haɗa komai ba kuma su yi kama a waje. Dole sai an yanka shi biyu, ɗaya a gicciye ɗaya a tsaye, a manna a gilashi, a goge har haske ya riƙa ratsawa, sannan a duba da madubin ƙara girma. Don haka duk wanda ya kalli hoto guda a waya ya faɗi sunan jinsi da shekarunsa daidai, ya faɗi abin da hoton ba zai iya nunawa ba.

To yaya ake kaiwa ga adadi?

Matakin farko tsoho ne. A 1669 Nicolas Steno ya rubuta cewa a duwatsun da suka kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama, muddin ba a kifar da su ba. Tun ƙarnoni kafinsa Al-Biruni ya lura da katantanwa a cikin duwatsun da ake haƙowa daga rijiyoyin hamadar Larabawa, ya ce wurin teku ne a da. Sai William Smith, mai aikin awon hanyoyin ruwa a Ingila, ya gano cewa kowace shimfiɗa tana da nata halittun, kuma jerin ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. Taswirarsa ta fito a 1815. Wannan shi ne ginshiƙin aikin har gobe: a san wane ne ya riga wane.

A nan ne murjani yake da rauni. Jinsi ɗaya yakan daɗe ƙwarai bai sauya ba, kuma yana zaɓen wurin zama. A ɗauka wani tsohon bango ya rushe, aka sami wuri, irin farin kuɗin nan na da, a cikin ƙasarsa. Wuri ya yi ɗaruruwan shekaru ana ciniki da shi, ba zai gaya maka a zamanin wane sarki aka yi ginin ba. Amma in ƙwandala aka samu, wadda aka buga na ɗan lokaci kuma ta bazu ko'ina, magana ta ƙare. Murjani wuri ne. Ƙwandalar ita ce amonit, wata dabbar teku mai naɗaɗɗen ƙoƙo, da konodon, wasu 'yan haƙora da ba su kai ƙwayar gero ba, da foraminifera masu ƙwayar halitta ɗaya. Waɗannan suna sauya siffa da sauri, suna bazuwa tekuna da yawa, har ana iya raba zamani da su zuwa yankunan da wani bai kai shekara miliyan ɗaya ba. Masanin da aka kai wa murjani, dutsen da ke manne a jikinsa zai fi ɗoki a kai. Masu wanke abin da suka tsinta tas da burushin ƙarfe don ya yi kyau, shaidar suke wankewa.

Adadin shekarun kansa daga sinadarai masu rikiɗa ake samunsa. Mutane sun fi jin sunan kabon 14, kuma shi ne kusan ba shi da amfani a nan. Rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730, bayan shekara kamar 50,000 babu abin aunawa. Ga murjanin da bai tsufa sosai ba akwai hanya mafi kyau. Yana ɗaukar yuraniyom kaɗan daga ruwan teku lokacin gini, amma kusan ba ya ɗaukar toriyom, domin toriyom ba ya zama a narke cikin ruwa. Duk toriyom 230 da aka samu a jikinsa daga baya, yuraniyom ne ya haife shi. Ana auna biyun a fitar da shekaru, har zuwa wajen shekara 500,000, da sharaɗin aragonit ɗin bai rikiɗe ba. Da wannan aka auna tsofaffin tsaunukan murjani da ke tsaye a busasshiyar ƙasa a gaɓar Bahar Maliya, da yawansu na kimanin shekara 125,000 ne, lokacin da teku ta fi ta yau tudu da 'yan mitoci.

Wanda ya wuce haka, ba murjanin ake aunawa ba. Ana neman shimfiɗar tokar aman wuta a samansa ko a ƙarƙashinsa. A cikin tokar akwai ƙwayoyin zirkon, waɗanda suke karɓar yuraniyom su ƙi dalma lokacin da suke ƙulluwa, sai yuraniyom ɗin ya riƙa komawa dalma sannu a hankali. Idan tokar ƙasa ta ba da adadi, ta sama ta ba da wani, murjanin yana tsakani. Ba kowane wuri ke da toka ba, amma da yake an auna ta a wurare da yawa a duniya tare da halittun da ke kusa da ita, idan aka ga irin wannan amonit ɗin a wani wuri sai a ɗauko adadin a ɗora masa.

Mutanen Chadi sun ga irin wannan aiki a gida, ko da yake ba a kan murjani ba. Ƙoƙon kan Tumai, wani tsohon dangin ɗan Adam, wanda Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinta a Toros-Menalla a watan Yulin 2001 cikin tawagar Michel Brunet, ba shi kansa aka auna ba. Ƙasusuwan dabbobin da ke kwance tare da shi aka kwatanta da na wasu wurare a Kenya da aka riga aka san shekarunsu, aka ce tsakanin miliyan 6 da 7. A 2008 aka auna sinadarin beriliyom 10 a cikin ƙasar wurin, ya ba da tsakanin miliyan 6.8 da 7.2. Hanya biyu da ba su dogara da juna ba suka haɗu. Da wani ne ya ɗauke ƙoƙon ya kawo kasuwa ba tare da sanin inda ya kwanta ba, babu ɗaya daga cikin biyun da za ta yiwu.

Saura tambayar da ta fi shafarmu: ina teku ta kai a wannan yanki? Mafi yawan duwatsun Mandara da ƙashin ƙasar arewacin Kamaru sun haura shekara miliyan 540, sun girmi murjani mai gini, kuma wuta da matsi ne suka yi su. Farin dutsen Bidzar da ake fasawa a kai Figil yana cikinsu. Asalinsa farar ƙasa ne, yana tafasa da ruwan tsami, amma ya dahu a ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan kwaruruwan Baburi-Figil da Mayo Ulo-Lere da Kum na farkon Kiretase ne, wato zamani na ƙarshe da dinoso suka yi, akwai kifi da ice da sawun dinoso a cikinsu, sai dai tafkuna ne da koguna. Dutsen yashin Garwa, wanda ake gani a Tingilin, mafi yawansa koguna ne suka zuba shi. Babban tafkin da ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 300,000 na kwarin Chadi shekaru dubbai kaɗan da suka wuce ruwan daɗi ne, katantanwa da ƙashin kifi ya bari. A Ennedi da Borku akwai duwatsun zamanin Rugosa da Tabulata, wasunsu ma a bakin teku suka kwanta, amma yawancinsu yashi ne, kuma a ƙarshen Ordobisiyan, kimanin shekara miliyan 445 baya, Sahara tana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta rufe ta. Har yau ana ganin karcen ƙanƙarar a duwatsun Aljeriya da Libiya da Djado na Nijar. Sai da nahiyar ta gusa, gefenta na arewa ya sami ɗumi, murjani ya yi gini a Maroko a Deboniyan, kuma daga can, wajen Erfoud, gogaggun duwatsu masu burbushin halittu suke fita kasuwannin duniya.

Tekun da ta fi matsowa kusa da mu ta Kiretase ce. Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ruwa ya shigo ta kwarin Binuwai, ya haɗu da wanda ya gangaro daga arewa ta Nijar, ya raba yammacin Afirka da sauran nahiyar. Shi ya bar farar ƙasar Ashaka a jihar Gombe mai cike da amonit, da ta Dukul a reshen kwarin da ya nufi Yola, dab da iyakarmu. Ruwa ne mai laka, kawa da amonit da katantanwa suka fi yawa a cikinsa, murjani ba ya son laka. A farar ƙasar Kalambaina ta Sakkwato, wadda wata teku ta baya ta bari tsakanin shekara miliyan 66 da 56, an sami murjani tare da bushiyar teku. Duk murjanin da zai fito daga waɗannan wurare dole ya zama mai shida-shida. Idan wani ya nuna maka mai ƙaho ko mai sarƙa ya ce daga Binuwai ya haƙo shi, dutsen ya ƙaryata shi.

Kada a manta da hanyar alhazai. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa sun sauka a Suwakin, garin da aka gina da dutsen murjani, suka ƙetara Jidda, wadda tsohuwar unguwarta ita ma da shi aka gina ta. Farin murjani mai sauƙin nauyi da aka gada a cikin akwatin wani tsohon alhaji zai iya zama na Bahar Maliya, ko kaɗan bai shafi ƙasar da gidan yake kai ba.

Wata hanya ta ƙarshe ta cancanci ambato ko da ba a aiki da ita yau da kullum. Bayan wasu murjanai akwai siraran layuka, kowane layi ginin yini guda, da kuma manyan tamoji na shekara. A 1963 John Wells na Jami'ar Cornell ya ƙirga su a jikin masu ƙaho na tsakiyar Deboniyan, ya sami tsakanin 385 da 410 a shekara, wato wajen 400. Tsawon shekara bai sauya ba, yini ne ya fi gajarta, kimanin awa 22, domin jan da wata yake yi wa ruwan teku yana rage wa duniya saurin juyi sannu a hankali. Lissafin masana taurari ya riga ya nuna haka, murjani ya zo ya tabbatar. Amma a matsayin ma'aunin shekaru ba ta da kaifi: layukan suna gogewa, dabbar takan tsallake wasu kwanaki, kuskuren layi goma kuma yana iya zama kuskuren shekaru miliyoyi masu yawa.

Wanda ya ci karo da abin da yake zaton murjani ne, ya fara ɗaukar hotonsa a inda yake kafin ya taɓa, da wani abu a gefe da zai nuna girmansa. Ya ɗauki lambar wurin a waya. Ya lura ko a jikin shimfiɗar dutse yake ko a kwance cikin yashin mayo, domin abin da ruwa ya turo yana iya fitowa daga nisan kilomita da yawa. In zai ciro, ya haɗo da dutsen da ke kewaye da shi, ya sa alamar gefen da ke kallon sama, ya kuma tattaro duk wata katantanwa da ke cikin wannan shimfiɗar, kowane a ledarsa da takardarsa. A Kamaru akwai cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai a Garwa, da sassan ilimin ƙasa a jami'o'in Ngaundare da Marwa. A Chadi akwai Jami'ar Njamena da cibiyar bincike ta ƙasa inda ake ajiye burbushin Djurab. Amsar da za su bayar ba adadi guda ba ne, tazara ce. Idan abin ya zo da dutsensa da amonit a gefe, za su iya cewa farkon Turoniyan, wani sashe na Kiretase, tsakanin shekara miliyan 94 da 92. Idan ya zo shi kaɗai a wanke, iyakar abin da za su ce shi ne ko ya girmi shekara miliyan 252 ko bai kai ba.